Malamin Haƙori a Ƙasar Rake

Ku shigo daga ciki, tabarmar nan za ta ɗauke ku duka. Tun kuna zaure nake jiyo gunaguninku, wai an sake kiran ku taron ƙaro ilmi a Kaduna, wai in ba ku je ba ba za a sabunta muku takardar aiki ba. Na ji wani a cikinku yana cewa haƙori dai haƙori ne, yadda Allah ya dasa shi a bakin kakanninmu haka yake a bakin jikokinmu, to me ya rage da za a koya? Ban ga laifinku ba. Mai kallo daga nesa gani yake aikinmu kama ka ja ne kawai. Sunana Isiyaku, kun sani, amma a ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan ba mai kira na da shi sai 'yan gidanmu. Malamin haƙori ake ce mini, kuma a kan keke na tsufa. Bari in ba ku labarin yadda muka yi namu karatun.

Haƙorin farko da na ga an cire, a maƙerar babana ne a Kudan. A wancan zamani, in haƙori ya hana mutum barci wurin maƙeri yake zuwa, don shi ke da awartaki. Wani manomin rake ne ya zo da hantsi, kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye goruba a ciki. Baba ya ajiye garmar da yake gyara, ya zaunar da shi a ƙasa, ya jingina masa kai da turken rumfa, ya goge awartakin a gefen riga. Ya yi bisimilla, ya kama, ya murɗa. Na ji ƙarar har cikin nawa muƙamuƙin. Mutumin bai yi ihu ba, sai dai yatsun ƙafarsa da suka tona rami a cikin toka. Aka ba shi ruwan zafi da kanwa ya kuskure baki, ya yi godiya ya tafi. Wasu su warke, wasu kuma saiwar ta karye ta zauna, sai a ce tsutsar haƙorin ce ta gudu can ciki. Baba mai hannu ne, ban taɓa ganin ya yi wa mutum ganganci ba. Iyakar abin da aka koya masa ke nan, kuma babu inda zai je ya ƙaro.

Ƙasarmu kuwa ƙasar zaƙi ce. In kaka ta yi, fadamun nan tun daga Kudan har Gazara rake ne iyakar ganinka, iska na bi ta kansa yana wani irin raɗa kamar mata a bayan danga. Doki na zagaya injin matsa, ruwan rake na kwarara, hayaƙin dahuwar mazarƙwaila ya kwanta a kan gari har tufafinka su ɗauki ƙanshi. Har yau in na lumshe ido da la'asar sai in ji ƙanshin nan, in ji kukan injin daga nesa. Yaro tun bai iya magana ba yake da ɓallin mazarƙwaila a kunci, da shi yake barci. Manya kuma da haƙori suke ɓare rake. Saboda haka ba mu taɓa rasa aiki ba.

Da na gama elementare, En'e, hukumar gargajiya ta wancan lokaci, ta ɗauke ni aiki a ɗakin shan magani na Makarfi, daidai lokacin da ake ta shagalin samun mulkin kai. Maigidana a wurin Malam Bulus ne, mutumin kudancin Zazzau, gajere, mai furfura a gefen kunne, wanda ya taɓa aiki a asibitin soja. Da ya ji ni ɗan maƙeri ne sai ya ce, "Madalla, ka san wuta ke nan." Ya miƙo mini risho da tukunya. Damina guda cur ban taɓa bakin kowa ba. Aikina in wanke ƙarafa da sabulu da buroshi, in tafasa su, in tsamo su da wani ƙarfen, in jera a faranti in rufe. Sirinjinmu na gilashi ne, allura kuwa in ta dakushe a dutse ake wasa ta. In na yi gaggawar sauke tukunya, ko bai waiwayo ba sai in ji ya ce, "Isiyaku, ruwan nan bai gama magana ba. Mayar da shi."

Ranar da ya fara ba ni awartaki, wani Bafulatani ne ya zo daga rugar da ke bayan Paki, turmin haƙorinsa na ƙasa ya ruɓe. Ba mu da allurar kashe zafi a lokacin, sai man kanumfari da haƙuri. Awartakin asibiti ba irin na maƙera ba ne, na sama daban, na ƙasa daban, bakin kowanne an ƙera shi daidai wuyan haƙorin da zai kama. Na kama, na tattara ƙarfi zan ja, sai Malam Bulus ya ɗora hannunsa a kan nawa.

Ya ce, "Ka taɓa tuge rogo?"

Na ce, "Na taɓa, Malam."

"In ka fizga, me ke faruwa?"

"Sai ya karye a ƙasa."

"To, lallaɓa shi. Kai shi gabas, dawo da shi yamma, ka saurara da hannunka. Shi zai gaya maka in ya yarda."

Haka muka yi ta rausaya haƙorin nan, hannunsa bisa nawa, har na ji ya saki jiki, ya fito da saiwoyinsa cif. Bafulatanin ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, ya ƙulle a haɓar riga, ya ce zai kai wa matarsa ta ga wanda ya hana su barci.

Bayan kaka ta biyu saƙo ya zo cewa ana neman ma'aikatan karkara masu taɓa haƙori su zo Zariya kwas. Malam Bulus ya ce ni zan je, shi idonsa ya fara gajiya. Ya ce, "Abin da ka jiyo ka kawo mini. Kada ka zubar a hanya." A saman motar rake na tafi, kwance a kan dami, ina kallon shirwa na shawagi, itatuwan ɗorawa da kuka na wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar masu rakiya. Ajin wani dogon ɗaki ne a bayan babban asibiti, fari tas, fanka na juyawa a hankali a sama. A tsakiya ga wata kujera mai kwantawa da tashi, ga fitila mai dogon wuya kamar zalɓe. A kan tebur ƙoƙon kan mutum ne, haƙoransa cike, yana mana murmushi tun daga ranar farko har ta ƙarshe. Malaminmu Likita Usman, mutumin Sudan, dogo, mai sanyin murya, Hausarsa rabi Larabci. Mu ɗalibai kuwa an tattaro mu daga ko'ina, wasu sa'o'ina, wasu sun haife ni.

A wannan kwas aka koya mana allurar kashe zafi. Likita ya ɗauki ƙoƙon kan nan ya nuna mana wani ɗan rami a cikin muƙamuƙin ƙasa inda jijiya ke shiga, ya ce in magani ya sauka nan, rabin baki zai yi barci. Ya sa kowa ya laluba nasa da yatsa. Sannan ya ce wanda bai ɗanɗana ba ba zai ɗanɗana wa wani ba, muka yi wa juna. Da la'asar ga mu zaune a gindin darbejiya, dattawa da samari, leɓe ya saki, ana shan shayi yana zuba a riga, kowa na dariya da rabin fuska. Da na dawo, wanda na fara yi wa wani mahauci ne a kasuwar Makarfi, ƙato, ya ƙanƙame benci ya rufe ido yana jiran azaba. Na gama na nuna masa haƙorin a faranti. Ya duba ya ce, "Wannan na wane ne?"

Malam Bulus bai yafe mini alkawarin kawo masa karatun ba. In an tashi daga aiki sai ya zauna a bencin marasa lafiya, ya harɗe hannu, ya ce, "Yau kai ne malam, miƙe tsaye." In faɗa masa abin da na jiyo, ya tsayar da ni ya yi tambaya, ya sa in maimaita. Allurar nan sai da ya buɗe nasa bakin ya ce in yi masa, ya zauna yana tsunkular leɓensa yana girgiza kai. Mutumin da ya koya mini riƙon awartaki ke nan.

Daga nan kwas ya zame mini kamar girbi, shekara ba ta cika sai da shi. Wata shekara aka koya mana cike kogon haƙori maimakon cirewa, da injin da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Wata shekara yadda ake gane aikin da ya fi ƙarfinmu, a tura shi Zariya tun bai lalace ba. Wata shekara kuma aka rushe mana abin da aka gina bara. Da an koya mana a ba mutum ruwa ya kuskure baki da zarar an cire, sai ga Likita yana cewa a daina, a sa masa auduga ya cije, kada ya kuskure sai gobe, don gudan jinin da ya kwanta a ramin shi ne murfin warkewa. Wani dattijo a cikinmu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, bara da bakinka ka ce a kuskure." Likita ya yi murmushi ya ce, "Na'am, ya Shaihu, na faɗa. Bara iyakar sanina ke nan. Tsakanin bara da bana ni ma an zaunar da ni a benci."

Wani Alhaji a Ikara, dillalin barkono, ya zo mini da haƙorin Makka yana masa zugi daga ƙarƙashi. Kafin in taɓa shi ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, in ta kama ka cire sauran duka, amma ka bar mini wannan. Shi ne shaidata." Da a shekarun baya ne, awartaki kawai zan ɗauko. Amma a kwas ɗin shekarar an nuna mana yadda ake zare hular zinariyar ba tare da an lanƙwasa ta ba. Na zare ta a hankali, na share ruɓar da ke ƙasa, na cike, na mayar da ita na manne. Ya fita yana gaisa da kowa da baki a buɗe, har waɗanda bai sani ba.

Ba duk karatun ne na ƙarfe da allura ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Saratu, babbar mace mai tafiya a hankali, ita ke koya mana abin da ta kira zama da mutane. Yadda za ka tsara zagayenka ya dace da ranakun kasuwa. Yadda za ka shirya akwati a bayan keke don abin da ka tafasa kada ya haɗu da abin da ka yi aiki da shi. Inda za ka zaunar da mutum don rana ta haska maka bakinsa, ba ta kashe masa ido ba. Takan ce, "Kada ku tsaya a kan mutum ƙiƙam kamar dogarai. Ku durƙusa. Ku gama gaisuwa kafin ku ce buɗe baki. In tsohuwa ta ce tsutsa ce, kada ku yi dariya, ku ba ta madubi."

Na gwada wannan a Paki, a kan wata mata da haƙoranta suka yi jajir da fure da goro. Ɗaya ya yi kogo yana mata zugi, an sha yi mata hayaƙi don tsutsar ta faɗo, ba ta faɗo ba. Mijinta ya tsaya a gefe, ni na durƙusa a tsakar gida, na haɗa ƙaramin madubin baki da madubin kwalliyarta, na karkata su har hasken hantsi ya faɗa cikin kogon. Ta daɗe tana kallo. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin bayan haƙoranta ba. Ta ce, "Ashe haka cikin bakina yake, kamar tsohuwar rijiya a bayan gari?" Na ce, "Rijiyar za mu cike." Ta yarda, na share na cike, ta ci goronta da shi har tsufa.

Wata rana da azahar a ajin nan, zafi ya sauka, fanka na juya iska mai ɗumi, rabinmu na gyangyaɗi, Sista Saratu ta shigo da wasu hotuna. Ta ce yau ba maganar haƙori za ta yi ba, maganar bakin yara ce. Ta miƙa hotunan suna zagayawa, duk wanda suka isa hannunsa sai barci ya sake shi. Yara ne da kunci a ɓule, ana hango haƙora ta waje. Mun san ciwon, a ƙauye ciwon iska ake ce masa, a asibiti zaizayar baki. Abin da ba mu sani ba shi ne yana da ƙuruciya, lokacin da ake iya kama shi.

Ta ce, "Yaron da ƙyanda ta sake shi, ga rama ga yunwa, ku ɗaga leɓensa. Dasashi zai yi ja yana jini. Hancinku zai riga idonku, warin ba ya kama da na komai. Daga nan kunci ya kumbura, ya yi tauri yana ƙyalli. Har nan kuna da iko: allurar fenisilin, ruwan gishiri, abinci mai gina jiki. In baƙin tabo ya fito ta waje, kun makara da rabi, ku ɗauko shi ku kawo." Ta sa muka yi ta maimaitawa kamar karatun allo har sai da ya zauna.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarar. Ruwa ya ɗauke tun dawa na da ciki, fadamu suka tsotse, rake ya tsaya gajere. Kafin bazara rumbuna sun zama wayam. Maza suka watse cin rani. Sai ƙyanda ta shigo, ta bi gida gida kamar mai rabon goron gayyata. Na rataye awartaki, don ba wanda ke ta haƙori. Malam Bulus ya zauna a ɗakin magani yana fama da masu zuwa, ni ya ce in hau keke in bi waɗanda ba za su zo ba. Garuruwan sun yi tsit. Ba ƙarar daka, ba guɗa, sai kukan kurciya. Ina tafe kamar a mafarki, hanya na rawa a gabana don zafi, in shiga gari in yi sallama a ƙofar mai unguwa, a fito mini da yara a jera a inuwa, in bi ina ɗaga leɓe. Wasu na same su da wuri. Wasu na tarar an rufe musu fuska da tsumma, in an ɗaga sai dai a ce Allah ya sawwaƙe. Irin waɗannan mukan nema musu mota zuwa Zariya. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba.

A Gazara mai unguwa ya ce akwai gida ɗaya da ba a fito da yaransa ba, gidan Iya Mairo. Ita ce ungozomar unguwar, tsohuwa mai kaifin harshe, ba a ja da ita. Ɗanta ya tafi cin rani, matarsa na kwance da sabon goyo, jikoki uku a hannunta, duka ƙyanda ta kwantar da su. Namijin cikinsu, Tanko, bai daɗe da rasuwa ba, ciwon ya cinye masa rabin fuska. Saura mata biyu, Azumi da ƙanwarta Ladidi.

Na yi sallama, ta fito zaure da kanta, ta tsaya ta tare ƙofar ciki. Na jingine keke, na bar akwatina a waje, na durƙusa.

"Iya, ina wuni? Ina gajiya? Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole, ɗan nan."

"Allah ya jiƙan Tanko, ya sa mai ceto ne."

"Amin. In allura ka kawo, koma da abarka. Ba a yi wa mai ƙyanda allura, komawa ciki take. Abin da ya ɗauki yaron nan kuwa ba na asibiti ba ne, iska ce ta shafe shi a gindin tsamiya."

Ban musa ba. Na ce ƙishirwa nake ji. Ta dube ni sama da ƙasa, ta shiga ta kawo ruwa a ƙwarya, don ko maƙiyi ba a hana shi ruwa. Na sha, na tambaye ta yadda ciwon Tanko ya faro. Da fari a taƙaice take amsawa, can sai ta zauna a dokin ƙofa, magana ta ɓalle. Ta faɗi yadda ya daina cin tuwo, yadda miyau ya riƙa zuba da jini, yadda ɗakin ya ɗauki wari, yadda kuncin ya tasa, sannan baƙin tabon. Yadda Sista ta jera mana a aji, haka tsohuwar nan ta jera.

Na ce, "Iya, ni ba zan taɓa kowa ba. Ke da kika ga farkonsa, ke za ki duba. Ɗaga leɓen yaran ki sunsuna. In ba ki ji komai ba, in hau kekena in tafi."

Ta shiga. Ina zaure ina jin tattabaru a kan soro, ina kallon hasken rana da ya ratso ta wata ɓula ya sauka a ƙasa kamar farin wuri, yana matsawa a hankali. Ta daɗe. Da ta fito, Ladidi na saɓe a kafaɗarta, ƙafafu kamar sillen kara, kuncin hagu ya tasa yana ƙyalli.

Ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Azumi lafiya lau. Wannan kuwa, warin nan na san shi."

Na duba. Dasashi ya ruɓe ta gefe guda, kuncin ya yi tauri, amma fatar waje ba ta yi baƙi ba. Na ce, "Iya, akwai sauran lokaci, amma ba shi da yawa. Ƙyandar ta riga ta fita, ga fatar nan tana saɓa, babu abin da zai koma ciki."

"Layarta fa? Da turaren da nake mata?"

"Ki bar mata su. Ni dai ki bar ni da allurata da ruwan gishirina."

Ta waiwaya wajen ɗakin da Tanko ya yi jinya. Sannan ta zauna, ta kwantar da yarinyar a cinya, ta ce, "Yi bisimilla."

Kullum da sassafe nake tahowa daga Makarfi. Fenisilin ya yi ƙaranci a shekarar, Malam Bulus yakan ɗaga kwalba ga haske ya duba abin da ya rage, ya ware na Ladidi gefe kafin a buɗe ƙofa. In yi allura, in naɗa auduga a tsinke in wanke bakin da ruwan gishiri mai ɗumi, in ɗebe naman da ya mutu kaɗan kaɗan. Na koya wa Iya wankin, ta riƙa yi bayan kowace salla. Rigimarmu ta biyu a kan ƙwai ce. Ta ce yarinyar da ta ci ƙwai ɓarauniya za ta zama. Na ce a fasa shi cikin kunun gyaɗa, ba ta gani ba balle ta san daɗinsa ta nema. Ta harare ni ta ce, "Kai dai ɗan maƙera ne, ba ka rasa ta inda za ka lanƙwasa ƙarfe." Kaza ɗaya ta rage a gidan, ita ta ɗauki nauyin. Wata Bafulatana da ke kawo nono unguwar kuma ta riƙa rage musu ludayi guda a gindin ƙwarya.

Kwanakin farko kuncin bai sauka ba, bai kuma ƙaru ba. Kowace safiya tun kafin in sauka daga keke idona na kan fuskar Iya, don a nan zan karanta labari. Wata safiya na tarar da ita a ƙofar gida tana tsintar wake, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Shiga ka ga 'yar taka, ta hana mu sakat, wai tuwo take so." Kumburin ya saki, ƙyallin ya tafi, warin ya ragu. Haƙoran nono sun zube ta gefen, wajen ya warke da ɗan loɓawa a kunci, wanda in ba a gaya maka ba sai ka ɗauka kwalliya ce Allah ya yi mata. Ta girma, ta yi aure a Ikara, ta haifi 'ya'ya.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne abin da Iya Mairo ta mayar da kanta. Ta ƙulle gishiri a haɓar zane, ta shiga bin gidaje, har ɗakunan da namiji ba ya isa. Ba ta neman izini. Ta kama yaro, ta ɗaga leɓe, ta sunsuna. In ta ji abin da ta sani sai ta ce wa uwar, "Goya shi, malamin haƙori na zuwa gobe da safe, ki same shi a zaurena." Zaurenta ya zama ɗakin magani na biyu, har ruwa ya sauka, ganye ya fito, ciwon ya ja da baya.

Da kaka ta zagayo, Allah ya ba da amfani, na biya ta Gazara in yi mata sallama, na ce zan tafi Zariya kwas. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, Azumi da Ladidi na wasa a gefe.

Ta ce, "Har yanzu ba ka gama karatun ba?"

Na ce, "Ba a gamawa, Iya."

"To, zan aike ka. Ka tambayo mini babban naku. Yaran nan uku tabarma ɗaya suke kwana, akushi ɗaya suke ci, ƙyanda ɗaya ta kama su, yunwa ɗaya suka sha. Ciwon bakin nan ya ɗauki Tanko, ya taɓa Ladidi, ya tsallake Azumi ko kallonta bai yi ba. Me ya gani a jikin biyun da bai gani a jikin ɗayar ba? Kada ka kawo mini maganar ƙaddara, wannan na riga ka sani. Sababin nake tambaya."

Na kai aike. A ranar ƙarshe ta kwas, da Likita Usman ya ce ko akwai mai tambaya, na miƙe na faɗa kamar yadda ta faɗa. Likita ya tafi bakin taga ya tsaya, hannu a baya, yana kallon waje, har na zaci ya manta da ni. Sannan ya juyo ya ce, "Ka gaishe ta. Ka ce mata mun san yunwa na buɗe masa ƙofa, ƙyanda na riƙe masa ita, ƙazantar baki na shimfiɗa masa tabarma. Amma dalilin da zai shiga wannan ya bar wancan, wallahi ba mu sani ba tukuna. Ana nan ana nema. Kada ka ƙara mata komai a kai, kada ka rage."

Washegarin dawowata na hau keke zuwa Gazara. Na same ta a bayan gida tana shanya kuɓewa a tabarma, hasken yamma ya yi ja a kan karan dawa. Na durƙusa muka gaisa har ƙarshe, sannan na ba ta amsar yadda aka ba ni. Ta ci gaba da baza kuɓewarta da tafin hannu.

Can ta ce, "Da bakinsa ya ce bai sani ba?"

"Da bakinsa, Iya, a gaban kowa."

Ta gyaɗa kai. "To, wannan malami ne. Ka riƙe shi." Ta kakkaɓe hannu, ta dube ni. "Baɗi ma za a yi karatun?"

"Za a yi, in Allah ya kai mu."

"To, ka koma ka sake tambaya. Ina nan."